Kawu Da Ba Ya Aza Tubali Sai Ya Ga Hanyar Ruwa

Na Allah muke, wurinSa kuma za mu koma, kowa da ranarsa. Ranar Kawu ta zo wata Laraba da hantsi, a gidansa na Ƙofar Atiku, cikin ɗakin da ya gina da hannunsa tun ba a haife ni ba. Yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma maginin ƙasa ne, irin waɗanda yanzu sai an bincika ake samunsu a Sakkwato.

Kafin azahar lungun ya cika, har masu kabu-kabu suka riƙa sauke mutane tun daga bakin titi. Ina zaure tare da 'ya'yansa muna karɓar gaisuwa. Tsofaffin magina, abokan aikinsa, su ne suka fi ba ni tausayi, don ba sa iya zama a ɗaki ba su duba bango ba. Mutum zai yi mana gaisuwa, ya shafa addu'a, sai ka ga idonsa ya haura sama yana bin azara ɗaya bayan ɗaya. Wani a cikinsu ya miƙa tafinsa ya shafa bangon zauren, ya ce, "Ku diba, ko tsaga guda babu. Ni nak kwaɓa mai ƙasar ga." Sai ya rufe fuskarsa da hannun riga.

Wani ɗan kasuwar hatsi daga Tudun Wada kuwa dariya ya so ya ba mu. Ya ce, "Wata huɗu tsohon ga yab bar ni ina jira, wai sai an yi ruwa ya ga hili. Na yi hushi, na ce wasa shikai da ni. Yau maƙwabtana gabas da yamma duk sun sha gyara, ni ko sau guda ban kira magini ba." Mutane suka murmusa, kowa ya san halin. A cikin gida mahaifiyata ba ta yi kuka mai sauti ba. Da na shiga ta dube ni ta ce, "Yaya ya tahi, ka yi mai addu'a, kai ka san abin da yay yi maka."

Da aka jera sahu za a yi masa salla, liman ya juyo ya ce duk wanda mamacin ya taɓa saɓa wa, ya yafe masa. Jama'a suka amsa, "Mun yahe." Ni bakina bai buɗe ba. Ba wai ina riƙe da Kawu ba ne, shi ne yake da abin da zai riƙe ni da shi. Na taɓa faɗa masa magana a gaban mutane, wadda ko almajirin magini ba a faɗa wa, kuma har ya koma ga Allah ban ji daga bakinsa cewa ya yafe mini ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan, don in faɗi wane ne shi, in kuma faɗi abin da na yi.

A hannunsa na tashi bayan rasuwar mahaifina. Mutum ne marar yawan magana, mai yawan kallo. In aka kira shi gini, ba ya zuwa da igiya ko ma'auni a ranar farko. Buzunsa yake ɗauka da goro a aljihu, ya je ya zauna a filin da hantsi, ya koma da rana tsaka, ya sake komawa da la'asar. Yana duban inda inuwa take faɗuwa, da inda iska take fitowa, da inda tururuwa suka yi gida. Ya fi yarda da awaki a kan kowa. Yakan ce in kana son sanin inda ɗaki zai yi sanyi a bazara, ka duba inda jajayen awakin unguwa suke kwanciya da azahar, don su ba sa kwanciya don kunyar mai fili. Sa'an nan in da hali, ba ya haƙa harsashi sai ruwan farko ya sauka ya ga inda ya bi. Masu gaggawa sun sha barinsa su tafi wurin wani, bai taɓa bin kowa da ban haƙuri ba.

Da na tafi karatun zanen gine-gine shi ya fi kowa murna, shi ya kuma fi kowa yi mini tsiya. In na dawo hutu sai ya ce, "Injiniya ya iso, ku kawo mai kujera, ƙasa na ɓata mai wando." Na sha gaya masa cewa mai zane daban, injiniya daban. Bai taɓa gyarawa ba, har unguwa duka ta kama. Ni kuma, in faɗi gaskiya, sunan yana yi mini daɗi, kuma a lokacin kaina ya ɗan fi hulata girma.

Shekarun baya wata ƙungiya ta ba ni aikin da na daɗe ina mafarki. Suna da fili a bayan gari, a kan gangaren da ke sauka zuwa fadama, inda ake hango gonakin shinkafa da albasa har zuwa gulbi. Suna son a gina wurin tarbar masu ziyara, 'yan makaranta da baƙin gari, su zauna su huta, a yi musu bayanin noman fadama da tsuntsayenta, sa'an nan a zaga da su. Sharaɗinsu ɗaya ne, ginin ya saje da wurin, kada ya tsaya kamar an sauke shi daga mota. Na yi wa Kawu wannan dogon bayani har da sunan wurin na Turanci. Ya gama saurare ya ce, "To, zaure na ke nan. Zauren hwadama." Na ji haushin yadda ya taƙaita mini aiki, amma na san gaskiyarsa ce.

Na yi zane a kwamfuta, na kuma yaba wa kaina. Na zaɓi wani shimfiɗaɗɗen wuri a tsakiyar gangaren, mai farin rairayi, babu itace ko ɗaya da zai tare ido. Na sa manyan tagogin gilashi suna kallon yamma don baƙo ya ga faɗuwar rana a kan ruwa. Na yi wa bangon launin ƙasa, na ce ai ga shi ya saje. Mutanen kwamitin ƙungiyar suka gani suka yi na'am, suka ce a fara kafin damina.

Ranar da za a kafa turaku a ja igiya, na ɗauko Kawu a mota. Ba don shawara na ɗauko shi ba, don ya ga ɗan ƙanwarsa yana ba da umarni ne. Akwai shugaban kwamiti da mutanensa uku, da leburori, da wani manomi mai gona a gefen filin da ya jingina da fartanyarsa yana kallo. Kawu ya gaisa da kowa, ya cire takalmansa, ya shiga zagaya wurin da sandarsa. Ya durƙusa ya ɗebi rairayin ya murza. Ya ɗaga kai ya dubi tudu, ya dubi wasu gawo guda uku can gefe, inda awaki suke kwance. Sai ya dawo ya kama turke ɗaya ya girgiza shi.

Ya ce, "Injiniya, wurin ga hanyar ruwa ta. Ka ga rairayin ga? Ba iska tak kawo shi ba. Ka ga ko akuya guda ta kwanta nan? Ka dakata ruwa shi sauka, ka gani da idonka."

Shugaban kwamiti ya dube ni, ya ce, "Wane ne wannan? Ba ka ce an auna filin ba?"

An auna kuwa, amma da rani aka auna. Maimakon in faɗi haka, sai kunya ta hau kaina, ta koma fushi. Na ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Kawu, don Allah ka sake turken ga. Wanga aikin ilimi na, ba rumbu mukai ba. Ka koma mota ka jira ni."

Wani lebura ya sunkuyar da kai. Kawu ya saki turken, ya karkaɗe hannunsa, ya sa takalmansa ɗaya bayan ɗaya ba tare da gaggawa ba. Ya ce wa mutanen kwamiti, "Allah shi ba da sa'a." Bai koma mota ba. Ya bi hanyar ƙasa da sandarsa har bakin titi, tafiyar da ta fi ƙarfin gwiwoyinsa, ya hau kabu-kabu. Ina kallonsa, kuma ban bi shi ba.

Na yi sati uku ban taka Ƙofar Atiku ba. Mahaifiyata ta kira ni ta waya ina gidana a unguwar Minanata, ta ce, "Mi kay yi ma Yaya?" Na ce shi ya faɗa mata? Ta ce bai ce komi ba, shi ya sa ta san an yi wani abu. Na ce aiki ne ya yi mini yawa. Muka haƙa harsashi, muka fara zuba kankare, aka jibge siminti da bulo a gefe.

Ruwan farko ya sauka wata Asabar bayan la'asar, mai ƙarfi. Da ya ɗauke na tuƙa mota zuwa filin. Na tarar da rabin harsashin ya cika da rairayi da laka, turakuna uku sun bi ruwa zuwa gonar shinkafa. Amma ɓarnar ta tsaya iya nan. Kayan aikin suna nan lafiya, kuma abin da ya lalace bai kai a kore ni ba. Shugaban kwamiti ya ce mini a fili, sati biyu suka ba ni in kawo gyara, in ba haka ba su nemi wani. Na tsaya a cikin laka da takalmina mai tsada, na ga hanyar ruwan a kwance sarai, daidai inda sandar Kawu ta nuna.

Washegari da hantsi na tafi gidansa. Tun a mota nake shirya kalmomin ban haƙuri, na jera su tsaf. Na same shi a zaure yana gyara bakin wata tsohuwar fartanya. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Kawu, na zo ne in..."

Ya ce, "Ka zo da takardar?"

Na ce tana mota.

"Ɗauko ta. Kuma ka ce ma Innarka ta dama muna hura, aikin ga ba na mai yunwa ba na." Matarsa yake nufi, Inna nake ce mata.

Haka aka yi. Muka shimfiɗa zanen a kan tabarma, ya danne kusurwoyinsa da takalmi da ƙwaryar goro. Bai iya karanta ma'aunina ba, ni kuma ban iya karanta ƙasa ba, sai muka haɗa. Ya sa na matsar da ginin zuwa gindin gawon nan uku, ya ce gawo yana riƙe ganyensa da rani lokacin da ake neman inuwa, ya zubar da damina lokacin da bango yake son rana ta busar da shi. Ya sa na rage tsayin ginin, na tura bayansa cikin gangaren, yadda mai tahowa daga titi ba zai ga komi ba sai itatuwa da wata 'yar ƙofa. Da muka zo kan tagogin gilashi sai ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Gilas, yamma, Sakkwato, cikin bazara? Baƙi za ka tarba ko gasa su za ka yi?" Muka mayar da su ƙananan tagogi a sama, muka buɗe doguwar rumfa ta ɓangaren da iskar fadama take fitowa.

Ba kullum ya ci ni ba. Na dage sai an sa kankare a harsashi da ƙarfe a inda ɗakin taro ya yi faɗi, ya yi ta gunaguni kwana biyu, daga baya ya ce, "To, wanga naka ya yi." Wannan shi ne yabo mafi girma da na taɓa samu a sana'ata. A kan launi kuwa bai saurare ni ba sam. Ya ce ba a shafa wa gini launin ƙasa, da ƙasar ake yin sa. Aka haƙi jar ƙasar gangaren aka yi tubali da ita, aka yi yaɓe da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ke hana ruwan sama cin bango. Hanyar ruwan da ta kunyata ni muka bar mata wurinta, muka jera duwatsu a gefenta, muka ɗora 'yar gada ta itacen giginya. Yanzu nan ne 'yan makaranta suka fi son tsayawa.

Kusan shekara muka yi muna wannan aiki, kullum yana kan buzunsa a gindin gawo, yana nuni da sanda. Leburorin da suka ji abin da na faɗa masa su ne suka koma ba sa aza komi sai sun dube shi. A cikin shekarar nan sau uku na ɗauko maganar. Na farko ya ce in tafi in duba masu kwaɓa, sun cika ruwa. Na biyu ya ce lokacin salla ya yi. Na uku muna mota, babu inda zai tura ni, na ce, "Kawu, maganar da nay yi ranar turaku." Ya leƙa taga ya ce, "Dibi geron mutanen ga, bana Allah ya ba su." Na kasa gane ko ya wuce wurin ne, ko kuwa ciwon ya yi zurfin da ba ya son a taɓa. Kawu bai sake zama a kujerar gaba ta motata ba tun daga ranar turaku, baya yake zama, ya ce ƙafarsa ta fi sakewa. Wannan ma na yi ta juya shi a raina.

Ranar buɗe wurin shugaban kwamiti ya yi jawabi ya yabe ni. Da aka ba ni dama na ce aikin na Kawu ne, na nuna inda yake. Ashe ya sulale tun ana jera kujeru. Na same shi a bayan ginin yana duba indararo, wai yana jin ɗaya ya ɗan karkace. Wata baƙuwa da ta zo daga kudu ta tambaye ni shekara nawa ginin ya yi a wurin, ta ɗauka gyara shi muka yi. Da na fassara wa Kawu ya ce, "To, mun gama ke nan." Damina biyu ya ƙara gani bayan wannan.

Ranar addu'ar uku, bayan an watse, wani mutum ya tsaya a bakin zaure yana jira. Manomin nan ne mai gona a gefen filin. Ya ce bai ji rasuwar ba sai jiya. Ya yi gaisuwa, ya shafa, sa'an nan ya ce yana son magana da ni a gefe. Muka fita muka tsaya a inuwar bango.

Ya ce, "Injiniya, akwai abin da tsohon ga yac ce kar in hwaɗa maka shina raye. Ka tuna ruwan da yac cika maka rami?"

Na ce ba zan manta ba.

"Rabin ruwan ne kag gani. Tun washegarin ranar da kak kore shi, da sassahe na ishe shi bisa tudu da hwartanya, shina haƙa. Kwana shida shina zuwa, kahin ku iso ya tahi. Ya ja rami daga saman hilinku har bayan gonata, don ruwa shi rabu biyu. In ya yi sara goma sai shi zamna shi huta. Kwana biyun ƙarshe ni nak kama mai, don na ga ba shi iyawa. Da ba don ramin ga ba, da siminti da bulo da harsashi duk cikin shinkahwata za ka tsince su."

Na jingina da bango. Tudun nan na san shi, tsakuwa ce zalla, matashi ma sai ya yi da gaske. Na tuna fartanyar da na same shi yana gyara wa baki.

Manomin ya ce, "Ni har na ce mai, Baba, yaron da yac ci maka mutunci gaban mutane, shi kaka wahala dominai? Sai yac ce, ɗan ƙanwata na. Bakinai ya yi sauri, amma in ruwa ya ɗauke aikin ga, da sunanai za shi tahi. Yac ce, ni na yahe mai tun ban kai bakin titi ba. In na bari ya roƙe ni, kullum ya gan ni kunya za shi ji, ni kau aiki nika so mu yi."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza, a bakin lungu, mutane suna wucewa. Manomin ya tsaya a kaina har na gama.

Da la'asar na tafi filin ni kaɗai, na hau tudun. Ramin yana nan, ciyawa ta rufe shi, ya yi kwana ya bi bayan gona ya sauka fadama. Sau nawa na tsallake shi ina zaton manoma ne suka ja abinsu. Na bi shi da ƙafa daga farko har ƙarshe, taku ɗari da wani abu, ina tuna gwiwoyin da suka durƙusa a wurin. Daga can sama ba a ganin ginin sosai, sai gawo uku da rufin da ya yi kalar tudu, da awaki kwance a inuwar bangon gabas.

Na gode wa Allah da Ya ba ni Kawu, na gode da Ya sa na ji wannan magana ina raye. Ya Ubangiji, Ka sanyaya masa makwanci, Ka yalwata masa shi, Ka ba Inna da 'ya'yansa da mahaifiyata haƙuri. Ka yafe masa yadda ya yafe mini, tun kafin in roƙa.